Inshorar Tsohuwar Mota: Cikakkiya Ko Ta Ɓangare Na Uku?

Tun daga ranar 1 ga Fabrairun 2025, lokacin da 'yan sandan Najeriya suka fara tsananta binciken inshora a kan tituna, masu motoci suka koma lalubo wata takarda da ta daɗe kwance cikin fatikula ba mai waiwayarta. Wajibcin kansa ba sabo ba ne, tun 1945 aka kafa dokar da ta haramta hawa titi da mota ba tare da inshorar ɓangare na uku ba. Tambayar da ke gaban mai tsohuwar Golf ko Peugeot 406 ko Corolla 'yar shekara ashirin ita ce: ya tsaya a kan abin da doka ta wajabta, ko ya ƙara kuɗi ya sayi cikakkiyar inshora?

Bambancin yana cikin wanda ake biya. Ɓangare na farko shi ne mai mota, na biyu kamfanin inshora, na uku kuwa duk wanda motar ta yi wa ɓarna: mai tafiya a ƙasa, ɗan acaɓa, mai wata motar, ko mai shagon da aka rusa wa bango. Inshorar ɓangare na uku wannan mutumin kaɗai take biya. Idan direba ya daki motar wani a shataletale, kamfani zai gyara wadda aka daka, tasa kuwa shi da fanalbita. In ta ƙone ko ɓarayi suka yi awon gaba da ita, ko sisi ba zai gani ba. Cikakkiyar inshora ta haɗa duka: haƙƙin wanda aka yi wa ɓarna, da gyaran motar mai ita, da gobara, da sata.

Tazarar kuɗin ba kaɗan ba ce. A Disambar 2022 hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ɗaga kuɗin ɓangare na uku na motar gida daga naira 5,000 zuwa naira 15,000 a shekara, daga 1 ga Janairun 2023. Ta kuma ɗaga iyakar diyyar dukiyar da aka lalata daga naira miliyan 1 zuwa miliyan 3, ban da diyyar rauni ko rasa rai. A sanarwar ƙarin ne ta ce kuɗin cikakkiyar inshora kada ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar mota. Ke nan motar da aka yi wa kuɗi naira miliyan 2 za ta ci aƙalla 100,000 a shekara, ta miliyan 6 kuma 300,000, ninki ashirin na abin da doka ta tilasta.

A ƙasashen da mota ke faɗuwa daraja kowace shekara, shawarar da aka saba bayarwa ita ce a yi watsi da cikakkiyar inshora da zarar mota ta tsufa. Wannan lissafi bai zauna daidai a Najeriyar yau ba. Kafin Yunin 2023 ana canjin dala a hukumance a kan naira 460 da 'yan kai, a cikin 2024 kuwa ta haura 1,500. Motocin Kwatano da kayan gyaransu da dala ake shigo da su, ga kuɗin kwastan da ke bin farashin canji. Sakamakon haka, motar da mutum ya saya shekaru biyar da suka wuce, yau in zai sayar, sai ya karɓi fiye da abin da ya biya. Duk wanda ya shiga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna neman fitila ko bamba ya san yadda abin yake. Tsohuwar mota ta zama kadara, kuma ga ma'aikaci mai albashi, in ta salwanta, da wuya ya sake mallakar irinta nan kusa.

Saboda haka shekarun mota ba su ne ma'auni ba. Abin da ya kamata mai mota ya tambayi kansa shi ne: in aka wayi gari babu ita, zai iya sayen wata daga aljihunsa? Wanda ke da mota biyu ko uku, ko wanda tasa ta riga ta zama kwaraɓaɓɓiya da 'yan gwangwan kaɗai ke tayawa, ɓangare na uku ya ishe shi. Gara ya riƙa ware kuɗin gyara a gefe. Wanda kuwa motar ita ce ƙafarsa ta zuwa aiki da kai yara makaranta, yana kwana da ita a waje ba gareji, yana yawan bin manyan hanyoyi, shi ne ya fi buƙatar cikakkiyar. Wanda ya sayi mota da bashin banki ba ya ma da zaɓi, don yawanci bankin ne ke gindaya ta cikin sharuɗɗa.

Akwai kuma ta tsakiya da mutane da yawa ba su sani ba: ɓangare na uku haɗe da gobara da sata. Ba ta gyara mota in an yi karo, amma tana biya in ta ƙone ko an sace ta, kuma kuɗinta bai kai na cikakkiyar ba. Ga tsohuwar mota mai tsofaffin wayoyi, wadda kayanta ke da kasuwa a wurin ɓarayi, wannan zaɓi ne da ya cancanci a tambaya.

Sai dai sunan cikakkiya na iya yaudara. Ba ta biyan lalacewar tsufa: injin da ya buga, giya da ta daina shiga, taya da ta cinye, duk na mai mota ne. A kan kowace diyya akwai wani kaso da mai mota ke biya da kansa, don haka ƙananan ƙwarzane ba sa isa a kai ƙara wurin kamfani. In aka sa wa tsohuwar mota sabon kaya fil, kamfani na iya neman mai ita ya cika wani abu, tunda abin da ya lalace ba sabo ba ne. Wasu kamfanonin ba sa karɓar motar da ta tsufa ƙwarai, wasu sai injiniyansu ya duba ta tukuna. Haka nan ba kowace yarjejeniya ce ta ƙunshi ambaliya ko tarzoma ba, sai an nemi ƙari an biya. Motocin da ruwa ya shanye a Maiduguri a Satumbar 2024, bayan ɓallewar madatsar Alau, sun isa su sa mutum ya karanta wannan sashe da kyau kafin ya sa hannu.

Kuskure biyu ne suka fi jawo rigima ranar biyan diyya. Na farko rage darajar mota don a rage kuɗin shekara. Wanda ya rubuta miliyan 3 a kan motar miliyan 6 ba zai karɓi fiye da abin da ya rubuta ba, kuma ana iya zaftare masa kuɗin gyara daidai gwargwado. Na biyu yin kabu-kabu da motar da aka yi wa inshorar gida. Da zarar bincike ya nuna fasinjojin haya ne a ciki, kamfani na da hujjar zame wa. Haka tuƙi ba lasisi ko cikin maye.

Ga waɗanda ke ƙyamar inshora saboda shubuhar riba da caca, akwai takaful, wadda NAICOM ta fitar wa ƙa'idoji a 2013. A wannan tsari masu motoci ke zuba gudummawa a asusu guda don tallafa wa wanda asara ta faɗa wa, ƙarƙashin kulawar malaman Shari'a, kuma in an samu rara ana iya raba wa waɗanda ba su karɓi diyya ba. Kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful suna yin duka nau'o'in na mota.

Babban haɗari dai shi ne takardar bogi. 'Yan bumburutun da ke zagaye ofisoshin lasisi sun daɗe suna buga takardun da babu kamfanin da ya san da su, musamman a farashin da ya gaza na hukuma. Mai irin wannan takarda, ranar da ya daki tsadaddiyar mota ko ya raunata mutum, shi kaɗai zai tsaya gaban masu haƙƙi. Ƙungiyar kamfanonin inshora ta Najeriya tana da rumbun bayanai mai suna NIID, inda ake shigar da lambar mota a shafin askniid.org ko ta danna *565*11# a waya, a ga ko inshorar na nan da rai.

In hatsari ya auku, a ɗauki hotuna, a sanar da 'yan sanda da kamfani ba da jinkiri ba, kuma kada a fara gyara kafin jami'insu ya gani. Wanda kamfani ya hana haƙƙinsa yana iya kai ƙorafi NAICOM. Kafin a sabunta takardu a bana, mai tsohuwar mota ya fara sanin nawa take a kasuwa yau, ya nemi farashin nau'o'in uku daga kamfani mai lasisi, sannan ya duba lambar motarsa a NIID bayan ya biya.