Daga Majami'a Zuwa Bakin Mudu: Aiki da Nassi a Dutsin-Ma da Kurfi

Kiristoci 'yan tsiraru ne a ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi. Wasu aiki ko karatu ne ya kawo su, musamman tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma a 2011, ga kuma Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita. Wasu fatauci ya zaunar da su. Wasu kuwa Hausawa ne gaba da baya, masu dangi a Matazu da Malumfashi da Kafur. Maƙwabcinsu Musulmi ba ya jin wa'azin ranar Lahadi. Abin da ya sani shi ne halin mutum a sauran ranakun mako, kuma da shi yake auna addininsa.

Tarihin yankin ma haka ya nuna. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, bayan doguwar wahalar Dakta Walter Miller na mishan ɗin CMS a Zariya da abokan aikinsa. Amma a ƙasar Katsina, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, jinyar kutare ce ta buɗe wa mishan ɗin SIM ƙofa a Babbar Ruga cikin shekarun 1930. Wanke gyambo ya riga wa'azi isowa. Daga aikin SIM ne ekklesiyar ECWA ta tsaya da ƙafarta a 1954, sannan a 2023 Katolika ta yanke sabuwar dayosis ta Katsina daga ta Sakkwato, ta naɗa mata Bishop Gerald Mamman Musa, ɗan Malumfashi.

To, ina aiki da Nassi yake bayyana a rayuwar Kirista? Wuri na farko kasuwa ce. Littafin Firistoci sura 19 da Karin Magana sura 11 sun tsananta a kan ma'aunin zalunci. Mai awon gero ko wake ba ya bukatar dogon sharhi a nan. Ya san mudun da aka bubbuge gindinsa, ya san tiyar saye da tiyar sayarwa, ya san algus. Mai fitar da zakka da baiko a majami'a, alhali yana tauye awo, ya karanta Nassi amma bai yi aiki da shi ba. Wasiƙar Yaƙubu kuwa ta ɗauki bangaskiyar da ba ayyuka a matsayin matacciya.

Na biyu gona ce. Wannan surar ta Firistoci ta hana manomi girbe gonarsa ƙarƙaf, domin matalauci da baƙo su sami abin kala, kuma da kala Rut ta ciyar da surukarta. Bahaushe ya san wannan al'ada tun kaka da kakanni. A yau da 'yan bindigar dajin Rugu suka raba ƙauyawa da gonakinsu, masu noman rani a bakin madatsar Zobe da masu rumbu a gari su ne ake wa magana. Labarin Basamariye a Luka sura 10 ya rufe ƙofar tambayar addinin mabukaci kafin a miƙa masa kwano. Ƙungiyoyin Zumuntar Mata, da suka saba da ziyarar marasa lafiya da gidajen makoki, sun fi kowa sanin hanyar yin haka ba tare da kunyata mai karɓa ba.

Na uku shi ne mafi wuya, wato gafara. Yaya za a ce wa wanda ya sayar da shanunsa ya biya kuɗin fansa ya yafe? Wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa ta raba nauyin gida biyu. Sura 12 ta hana mutum ɗaukar fansa da hannunsa, sura 13 kuma ta ɗora wa hukuma alhakin hukunta mai laifi. Saboda haka yafiya ba ta soke neman adalci. Abin da take hanawa shi ne jifan kowane Bafulatani da laifin ɗan bindiga, da ramuwar gayya da ke cinye ƙauyuka.

Fastoci da malaman makarantar Lahadi za su taimaki jama'arsu idan suka rage auna ci gaba da yawan taro ko girman gini. Su riƙa tambayar dattawan unguwa: ana iya ba mutanenmu ajiya a kwana lafiya? Suna biyan bashi kan lokaci? Ana ganinsu wajen gaisuwar mutuwa? Amsar da maƙwabta za su bayar ita ce za ta nuna ko karatun Nassi ya shiga.