Daɓen Efoksi: A Duba Ƙasa Kafin A Zuba Jari

GAWU BABANGIDA: Tun bayan da Gwamnatin Tarayya ta koma Abuja a watan Disamban 1991, gine-ginen shaguna da ɗakunan ajiye kaya ke ta ƙaruwa a Suleja da kewayenta, har zuwa Gawu Babangida, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Gurara ta Jihar Neja. Inda a da mata ke yin daɓe da makuba, yau masu gini na zaɓa tsakanin siminti da tarazo da tayil da kuma efoksi.

Shi efoksi ruwan sinadari biyu ne da ake gaurayawa a shimfiɗa bisa kankare, ya daskare sumul ba mahaɗa. Yana jure man inji, ga sauƙin wankewa. Shafe mai kaurin da bai kai milimita 1 ba ya wadaci ɗaki ko ƙaramin shago, amma masana'anta da wurin sauke kaya masu nauyi na bukatar milimita 2 zuwa 3 ko fiye.

Sai dai babban abokin gabarsa shi ne laima. Wajibi ne sabon kankare ya kwana aƙalla 28, a tabbatar ya bushe, sannan a kankare fuskarsa da inji. Idan ba a shimfiɗa leda ƙarƙashinsa ba, danshin damina kan taso, daɓen ya kumbura ya ɓare, kuɗi su bi ruwa.

Haka kuma rana na mayar da shi rawaya, ga santsi in ya jiƙe, sai an barbaɗa masa yashi. Yakan ɗauki kimanin mako guda kafin ya yi ƙwari sosai. Don haka tilas ɗan kasuwa ya lissafa kwanakin rufe shago cikin kuɗin aikin.