Zanen Handasa a Ƙasar Birazil: Sababinsa da Abin da Ya Haifar

Kafin Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare, yawancin masu zanen da ake ji da su a ƙasar Birazil, irin su Candido Portinari, surar ɗan Adam suke fitarwa, musamman leburorin gonakin gahawa da talakawan karkara. Amma ba a yi shekara goma ba sai ga wasu samari sun ajiye sura gaba ɗaya, sun koma ga ilmin handasa, ba su bar komai a kan allo ba illa layi da kusurwa da murabba'i da tsantsar launi.

Sababi na farko dukiya ce, domin attajiran Sao Paulo, waɗanda masana'antunsu suka bunƙasa a zamanin yaƙi, sun so birninsu ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da biranen Turai, har Assis Chateaubriand ya kafa gidan adana zane na MASP a 1947, Ciccillo Matarazzo kuma ya buɗe babban baje kolin Sao Paulo a 1951. A wannan baje kolin ne Max Bill, mutumin Suwizalan, wanda ke da'awar cewa ana iya gina zane bisa hisabi, ya ci kyautar sassaƙa, samarin kuwa suka ɗauke shi tamkar limami. A 1952 Waldemar Cordeiro da abokansa suka kafa ƙungiyar Ruptura a Sao Paulo, suna masu tsananta ƙa'ida matuƙa, suna shafa fentin masana'anta yadda ba za a ga sawun hannun mai zane ba. Zamanin ma ya ba su hujja, tun da yake Shugaba Juscelino Kubitschek, wanda ya hau mulki a 1956, ya yi alkawarin ci gaban shekara hamsin cikin biyar, ya kuma gina sabon babban birni, Brasilia, wanda aka buɗe a 1960.

Alherin da mazhabar Sao Paulo ta haifar ya fi bayyana a wajen allon zane, wato a tambarin kamfanoni da tsarin littattafai da kayan ɗaki, kamar kujerun da Geraldo de Barros ya tsara wa ƙungiyar ma'aikata ta Unilabor. Sai dai, a ganina, ƙa'idar da aka aro daga Turai, aka riƙe ta da taƙlidi a ƙasar da miliyoyin mutanenta ba su ko iya karatu ba, ta fi siffanta Birazil ɗin da manya ke buri a kan wadda jama'a ke zaune a cikinta.

Mutanen Rio de Janeiro, almajiran Ivan Serpa da mai sharhi Mario Pedrosa, su ne suka yi ijtihadi. Saɓaninsu da mutanen Sao Paulo ya fito fili tun a baje kolin haɗin gwiwa na 1956 da 1957, sa'an nan a watan Maris na 1959 mawaƙi Ferreira Gullar ya buga bayanin aƙidarsu a jaridar Jornal do Brasil, inda ya ƙi yarda a mai da aikin zane na'ura, ya nemi a dube shi a matsayin abu mai kama da mai rai. Natijar wannan ta ba da mamaki. A 1960 Lygia Clark ta ƙera Bichos, falle-fallen goran ruwa da aka haɗa da maƙalai masu lanƙwasuwa, waɗanda ba su da tabbatacciyar siffa sai wadda hannun mai kallo ya ba su, alhali kuwa a da haramun ne a taɓa abin da aka baje. Helio Oiticica ya zarce haka, domin ya hau tudun Mangueira ya koyi rawar samba wurin talakawa, ya ɗinka musu mayafai masu launi da ya kira Parangole, waɗanda ba su cika zama aiki ba sai an yafa an yi rawa. A wannan lokaci kuwa sojoji sun riga sun ƙwace mulki a 1964, burin ci gaban nan ya dushe. Da Oiticica ya zo da 'yan rawar zuwa gidan zane na zamani na Rio a 1965, sai aka hana su shiga, suka yi rawarsu a lambun gidan.