Bayani Kan Ciwon Ɓarin Kai da Yadda Saƙo Ke Isa Cikin Ƙwayar Halitta

Ciwon ɓarin kai yana daga cikin cututtukan da ke hana manomi zuwa gona, su hana ma'aikaci zaman ofis. Mai fama da shi yakan ji gefe ɗaya na kansa yana sara, ga tashin zuciya, ga ƙin haske da hayaniya, kuma yakan ɗauki awa 4 har zuwa kwana 3. Ya fi kama mata. An shirya wannan bayani ne domin al'umma da jami'an ƙananan hukumomi su san abin da bincike ya gano game da tushen ciwon.

Jikin ɗan Adam ya ƙunshi ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani. Jijiyoyi sukan aika musu saƙo ta hanyar wasu sinadarai. Ɗaya daga ciki shi ne CGRP, wanda aka gano a Amurka a shekarar 1982. Yana buɗe hanyoyin jini, yana kuma da hannu wajen isar da raɗaɗi. A shekarar 1990 likitoci biyu, Peter Goadsby da Lars Edvinsson, suka nuna cewa yawansa yakan ƙaru a jinin da ke saukowa daga kai idan ciwon ya tashi.

Shi wannan sinadari ba ya shiga cikin ƙwaya. Tamkar baƙo yake, iyakarsa zaure, ya yi sallama. A jikin fatar ƙwayar akwai furotin mai karɓar saƙo da ake kira CLR. Masana sun daɗe suna zaton shi ne mai amsa wannan sallama, amma idan suka sanya shi shi kaɗai cikin ƙwayoyin gwaji, sau da yawa sai a ji shiru.

An warware matsalar a shekarar 1998, lokacin da masu bincike na kamfanin Glaxo Wellcome a Ingila suka gano wasu ƙananan furotin mataimaka guda 3, masu suna RAMP. Ashe CLR ba ya iya fitowa bakin ƙwaya sai da rakiyar ɗaya daga cikinsu. Kuma ba rakiya kawai mataimakin yake yi ba. Yakan tsaya manne da shi, su biyun su haɗa gurbin da sinadarin zai zauna. Abin da ya fi ba masana mamaki shi ne, mataimakin ne ke zaɓar baƙon da za a amsa wa. Idan CLR ya haɗu da RAMP1, CGRP yake karɓa. Idan kuwa da RAMP2 ko RAMP3 ya haɗu, sai ya koma karɓar wani sinadari dabam, adirinomedulin, wanda ke da muhimmanci ga ginuwar hanyoyin jini.

Akwai kuma mataimaki na cikin gida, RCP, da aka gano a 1996. Aikinsa shi ne sada CLR da wani furotin mai suna G, wanda ke sa a samar da sinadarin cAMP, shi kuma ya yaɗa saƙon cikin ƙwaya. Da aka rage RCP a gwaji, CGRP ya ci gaba da zama a gurbinsa, amma saƙon ya raunana. Wato an ji sallama, sai dai babu yaron da zai kai ta ciki.

Wannan ilimi ya haifar da magani. A shekarar 2018 hukumomin Amurka suka amince da allurar erenumab, wadda ake yi sau ɗaya a wata, tana toshe gurbin da CLR da RAMP1 suka haɗa. Ƙwayoyin sha irin su ubrogepant a 2019 da rimegepant a 2020 suka biyo baya. Magungunan suna da tsada ƙwarai, kuma ba kowa suke yi wa aiki ba, don haka kada wani ya sayar da akuyarsa domin abin da mai talla ya ce shi ne su.

Ana kira ga jama'a da su guji yawan shan maganin ciwon kai ba da umarnin likita ba. Shan farasitamol kwana 15 ko fiye a kowane wata, watanni a jere, yana iya zama shi kansa sanadin ciwon kai na kullum. Haka kuma ana roƙon dagatai da masu unguwanni su sanar da talakawansu cewa ciwon kai mai haɗe da zazzaɓi da ƙagewar wuya, musamman lokacin bazara, yana iya zama sanƙarau. A gaggauta kai mai shi asibiti mafi kusa.