Uwargida, Me Salwarki Ke Ci?

A wannan mako za mu leƙa kejin salwa ne, domin na ga matan aure da 'yan makaranta da yawa sun kama wannan kiwo, suna samun na cefane da na littafi.

Abin da ya sa na ɗauko zancen shi ne, wata maƙwabciyata tana da salwa 20. Da abincin buhu ya yi tsada sai ta koma watsa musu gero da dusa, wai ai tsuntsu da tsaba aka san shi. Ba a daɗe ba ta fara tsintar ƙwai mai taushi, ba ɓawo sai fata. Ran nan ta wayi gari biyu sun mutu da ƙwai a ciki. Ta ce baki ne. Na ce mata, "Yaya, mu duba kaskon abincinsu tukuna."

Irin da muke kiwo salwar Japan ce, wadda cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, a Jihar Filato, ta shigo da ita Nijeriya a 1992. Tana fara ƙwai tana da mako 6 ko 7, kuma in ta sami kulawa takan yi 250 ko fiye a shekara. Ƙwai ɗaya yakan kai giram 10, alhali ita kanta ba ta cika wuce giram 200 ba. To, ki auna wannan aiki ki gani.

Da sinadarin kalsiyam ake gina ɓawon ƙwai, shi ne kuma ke ba jiki ƙarfin yunƙurin fitar da shi. Gero da dawa da masara ba su da shi sai ɗan kaɗan. In bai zo a abinci ba, jikinta zai riƙa jansa daga ƙashi, ƙafafu su yi rauni, ɓawo ya yi laushi, ƙwai ya maƙale. Ga shi kuma tsaba zalla tana tara kitse, kitse ya matse hanyar ƙwai. Hausawa dai sun ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Salwa ta fi yin ƙwai daga la'asar zuwa magariba, saboda haka a lokacin za ki sa ido. In kin ga ɗaya ta takure a lungu, ta saki fikafikai, tana ta yunƙuri ba abin da ya fito, kuma ta ƙi ci, to ƙwai ya maƙale. Ki ware ta wuri mai ɗumi, ki tsoma gindinta cikin ruwan ɗumi kamar minti 10, ki tsane ta, ki shafa ɗan man gyaɗa a dubura. Kada ki kuskura ki matsa mata ciki, don in ƙwan ya fashe a ciki yana iya kashe ta. In bai fito ba, kada ta kwana, a garzaya da ita wurin malamin dabbobi.

Wani sa'i kuma za ki ga jan nama ya leƙo ta dubura bayan ta yi ƙwai. Nan take ki raba ta da 'yan'uwanta, domin da sun ga ja za su hau saranta. Ki wanke wurin da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri, ki ajiye ta inda ba haske sosai don ƙwai ya tsagaita, sa'an nan a nemi malamin dabbobi. In ya ba da magani, ki tambaye shi kwana nawa za a yi kafin a ci ƙwanta ko namanta.

Amma rigakafi ya fi magani. Ga abin da za ki kiyaye:

1. Mai ƙwai tana bukatar abincin da kashi 20 cikin 100 na gina jiki ne. In na kaji masu ƙwai kike saye, ki ƙara dakakken ƙuli-ƙuli, ko gasasshen waken suya, ko garin busasshen kifi. Gara da ganyen zogale ma suna taimakawa.

2. Kada ki zubar da ɓawon ƙwai. Ki tafasa shi, ki shanya, ki daka, ki zuba a wani ɗan kasko dabam. Mai bukata za ta ci da kanta.

3. Ki bari hantsi ya same su, domin hasken rana ke taimaka wa jiki ya amfana da kalsiyam.

4. Kada ki ba su gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna.

5. Kada a bar musu fitila har asuba. Hasken awa 14 zuwa 16 ya isa.

Maƙwabciyata ta bi waɗannan, yanzu ƙwan salwarta ya koma da ɓawonsa, 'yarta ce ma ke daka musu ɓawon in ta dawo daga makaranta. Allah ya sa albarka a kiwonmu. Sai mako mai zuwa.