Horon Wuta Shi Ne Asirin Wuƙar Aljihu

Sau da yawa malamai sukan tambaye mu, me ya sa wuƙar aljihu, irin wadda ake naɗe ruwanta cikin ƙota, wata kuɗinta bai fi na goro ba, wata kuwa, ga shi girmansu ɗaya, amma ta fi albashin wata guda? Galibi ana tsammani bambancin yana ga irin ƙarfen kaɗai, ko ga adon ƙota. Lalle irin ƙarfe yana da nasa rabo, amma babban asirin yana ga horon da aka yi masa da wuta. Shi za mu bayyana, don kada mai saye ya zubar da kuɗinsa, kada kuma wanda ya riga ya saya ya ɓata abinsa da hannunsa.

Ƙarfen wuƙa ba zallar baƙin ƙarfe ba ne. Akwai ɗan sinadarin gawayi a cikinsa, wanda ake kira kabon, galibi daga rabin kashi zuwa kashi ɗaya da rabi cikin ɗari. Ƙarfe mai ƙarancin kabon, kamar ƙusa, ko an kwana ana zuga masa wuta ba zai yi tauri ba. Shi ya sa maƙeranmu suke neman tsohon sifirin mota in za su ƙera wuƙa ko adda.

Horon kashi uku ne. Da fari sai a gasa ƙarfen har ya kai wajen digiri 800 a ma'aunin santigired. Kafin nan, a wajen digiri 770, maganaɗisu yakan daina kama shi, wannan kuwa alama ce ga wanda ba shi da ma'auni. A wannan zafi kabon yakan narke cikin jikin ƙarfen kamar gishiri cikin ruwa. Na biyu, a tsoma shi maza cikin mai ko ruwa. Sanyin gaggawa ba ya barin kabon ya fita, sai ya maƙale, ƙarfen ya ƙage, ya yi taurin da magagari ba ya cinsa. Masana sun raɗa wa wannan hali suna matansait, don tunawa da wani Bajamushe, Adolf Martens. Amma a nan ƙarfen kamar tangaran yake, in ya faɗi ƙasa yana iya karyewa. Don haka akwai na uku: a mai da shi cikin tanda mai sauƙin zafi, digiri 150 zuwa 200, kamar awa biyu, a kuma maimaita. Zai rage tauri kaɗan, ya sami jimiri.

Yaya ake auna tauri? A 1919 waɗansu Amurkawa biyu, Hugh Rockwell da Stanley Rockwell, suka sami shaidar mallakar wata na'ura da har yanzu ake kira da sunansu. Ana danna tsinin daimon a jikin ƙarfe da nauyin kilo 150, a auna zurfin ramin da ya yi. Gwargwadon ƙarancin zurfin, gwargwadon girman lambar. Wuƙar sojan Suwizalan ta kamfanin Victorinox tana wajen 56: tana saurin dakushewa, amma tana da sauƙin washi. Yawancin masu tsada suna tsakanin 58 da 62. Akwai wani ƙarfen Japan, ZDP-189, da ake kai shi har 65 ko fiye: yana daɗewa da kaifi ƙwarai, amma in ya ci karo da ƙashi bakinsa yana iya ɓantarewa. Kowane allazi da nasa amanu.

A 1913 Harry Brearley na birnin Sheffield a Ingila ya narka ƙarfe mai kuromiyam kusan kashi 13 cikin ɗari, ya tarar ba ya tsatsa. Irin wannan ƙarfe ya fi wuyar horo. Sai an kai shi digiri 1,050 ko fiye, waɗansu masana'antu ma sukan tsoma shi daga baya cikin ruwan naitirojin, mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri, don taurin ya game ko'ina. Daga 1970 kamfanin Crucible na Amurka ya shiga yin ƙarfe daga gari: a fesa narkakken ƙarfe ya zama ƙura, kana a matse shi da zafi ya dunƙule, ƙwayoyinsa su fito ƙanana, bai ɗaya. Ta haka aka sami S30V a 2001 da MagnaCut a 2021.

Duk da haka, ga misalin da ya fi ƙarfafa maganarmu. Wuƙar Buck 110, wadda ta fito a 1964 ta yi suna a Amurka, ana yin ta yanzu da wani ƙarfe mai araha, 420HC. Amma da yake wani gwani, Paul Bos, ya tsara yadda ake hora shi har ya kai 58, sai ta fi waɗansu da aka yi da ƙarfe mai tsada aka hore shi da ganganci. Watau sunan da aka buga a jikin ruwan wuƙa rabin labari ne.

To, mai saye ya tambayi lambar taurin, ya kuma dubi aikin da zai sa ta. Mai fiƙe fensir da yanka igiya, 56 zuwa 60 ta ishe shi. Kada a mai da tsininta abin ɓamɓare murfin gwangwani. Babban gargaɗinmu kuwa shi ne wajen washi. In aka kai ta ga injin mai juyawa har bakinta ya yi ruwan ƙasa ko shuɗi, to, zafin ya wuce wanda aka hore ta da shi, kaifin ya mutu, sai an cinye wurin duka kafin a iske ƙarfe mai kyau. A wasa ta a hankali bisa dutse, da ruwa ko mai. Wanda ya kiyaye wannan, in Allah ya yarda, ɗansa zai gaji wuƙarsa.