Bawan Da Ishaya Ya Ambata

Tun 1932, da aka buga Littafi Mai Tsarki da Hausa bisa aikin Likita Miller na Zariya, mai karatun boko yana iya duba sura ta 53 ta Ishaya, inda aka ambaci wani bawan Allah mai shan wuya saboda laifin waɗansu. Kirista sun ce Isa Almasihu ne, suna ƙarawa da Mika, wanda ya ambaci Baitalami. Malaman Yahudawa da yawa kuwa sun ce jama'ar Isra'ila ake nufi, Almasihu bai zo ba tukuna. To, malam, in almajiri ya tambaye ka, gaya masa wa ya ce me, don kada yara su ɗauki gardama daga aji zuwa gida.